Ɗan Rara a Idon Sawu

Ƙarar ta fara ne kamar ɓera yana gwigwiyar katako. Ƙas, ƙas, ƙas, sai ta yi shiru, sai ta dawo. Tela ya buɗe ido cikin duhu ya kasa kunne. Tunaninsa ya fara zuwa shago, wanda ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin kwana, domin ya taɓa samun ɓera ta yi sheƙa a aljihun keken ɗinkinsa, ta zuba 'ya'ya biyar a kan ƙyallen siliki. Amma wannan ƙarar ba daga shago take fitowa ba. Daga ƙarshen gado take, ƙarƙashin bargo.

"Malam," in ji matarsa, ko juyowa ba ta yi ba, "ka tsayar da keken nan haka, mutane na barci."

"Wane keke?"

"Na ƙafarka mana. Wata uku ke nan kana ɗinki cikin barci. Rigar ce dai har yau ban gani ba."

Ya lalubo tocila ya yaye bargon. Ga ƙafarsa ta dama tana ta aikinta ita kaɗai, yatsu su yi ƙasa diddige ya yi sama, diddige ya yi ƙasa yatsu su yi sama, kamar yadda ta saba yi a kan matakin keke shekara arba'in da ɗaya. Idon sawun ya kumbura kamar an cusa albasa cikin safa. Duk lokacin da yatsun suka sauka, sai wani abu a can ciki ya ce ƙas. Ya zura mata ido har ta tsaya, kamar yaron da aka kama yana ɓarna.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun yana saurayi, ranar da ya sayo kan keken nan, ya diro daga bayan mota da shi a kafaɗa, ƙafar ta faɗa bakin kwata ta lanƙwashe. Keken bai taɓa ƙasa ba, abin da yake alfahari da shi ke nan har gobe. Ƙafar kuwa ya ɗaure ta da tsumma, bayan kwana huɗu ya hau aiki. Tun daga nan idon sawun ya koyi zamewa. Sai yana cikin tafiya a fili fetal, ba dutse ba rami, ƙafar ta juye gefe kamar wani ya ja tabarma a ƙarƙashinsa. Da can sau ɗaya ne a shekara, daga baya ya zama duk wata. Ciwo kuma ya zo ya zauna, da safe sai ya yi taku goma yana cije leɓe kafin gaɓar ta yarda ta saki.

Kwana tara bayan daren ƙarar, ƙafar ta zame masa yana riƙe da dutsen guga mai zafi. Ya faɗi tsakanin tebur da bango, dutsen ya sauka a damtsensa ya bar masa hatimi. Da yamma Auta ta zo, 'yarsu ta ƙarshe da ke koyarwa a makarantar da ke bayan tashar mota. Ta dubi ƙunar, ta dubi ƙafar, ba ta tambaye shi ra'ayinsa ba.

"Baba, gobe ƙarfe bakwai za mu asibiti."

"Ina da wandon mutane."

"Mutanen su yi haƙuri da wanda ke jikinsu."

Likitan ƙashi dogon saurayi ne mai magana a hankali. Abin da Tela ya fara lura da shi, hannun rigarsa na hagu ya fi na dama tsawo da kusan rabin inci, abin ya yi ta damunsa. Likita ya zaunar da shi bakin gado, ya riƙe ƙwaurinsa da hannu ɗaya, ya kama diddigen da ɗayan ya jawo gaba. Ƙafar ta biyo shi salin-alin, kamar aljihun tebur da ya saki. Ya karkata ta gefe, nan ma ta tafi. Auta ta kau da kai.

Bayan an ɗauko hoton ƙashi, Likita ya manna shi jikin fitila. Tela bai taɓa ganin cikin jikinsa ba. Sai ya ga abin kamar wasu fararen duwatsu biyu cikin hazo, ɗaya ya jingina da ɗaya a karkace.

"Baba, ka ga nan? Da akwai guringuntsi tsakaninsu, mai santsi, shi ke sa gaɓa ta juya ba ƙara. Naka ya cinye ƙarƙaf. Ƙashi ne ke gugar ƙashi, ita ce ƙarar da Mama ke ji. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar kuma sun saki tun tuni, shi ya sa kake faɗuwa."

"To a ɗaure jijiyoyin mana. A rage musu tsawo, kamar tazuge."

Likita ya yi murmushi. "Da ka zo shekara ashirin da suka wuce, da haka za a yi. Yanzu ko an ɗaure su, ciwon na nan. Akwai gaɓar ƙarfe da ake sa wa wasu, amma taka ta karkace da yawa kuma ba abin da zai riƙe ta, ba za ta zauna ba. Abin da ya dace da kai shi ne mu kankare fuskar ƙasusuwan nan biyu, mu miƙe su, mu haɗa su da kusoshi. Cikin wata uku sai su manne su zama ƙashi ɗaya. Ciwo zai tafi, zamewa za ta tafi."

"Lanƙwasawa fa?"

"Ita ma za ta tafi."

A cikin takalmi Tela ya ji yatsunsa sun yi ƙasa, diddige ya yi sama.

"Likita, ranka ya daɗe, ni tela ne. Tun da nake ban taɓa ɗinka riga ban bar rara a cikin ɗinki ba. Ko mai rigar ya rantse ba zai ƙara ƙiba ba, sai na bar masa ɗan yatsa guda a ciki, don wata rana zai dawo a buɗa masa. Wanda ya yanke ƙyalle cif-cif ba tela ba ne, mahauci ne. Ka ɗinke ƙafar, na yarda. Amma ka bar mini ɗan rara. Ba yawa nake so ba, kamar haka." Ya nuna tsakanin yatsunsa biyu. "Abin da zai ishe ni taka keke."

"Baba, a wannan ɗinkin rarar ita ce ciwon. In ya rage motsi ko kamar gashin kai ne, ƙashin ba zai manne ba."

"Baba, ai akwai na'urar lantarki da ake ɗaura wa keke," in ji Auta. "Danna ta kawai za ka yi."

"Na gan ta. Mahaukaciya ce. Ba ta san kwana ba, ba ta san wuyan riga ba, gudu kawai ta iya. Ƙafata kuwa kafin idona ya ga kwana ta riga ta rage gudu."

Ya sa hannu a takardar yarda da aikin duk da haka, domin Auta na tsaye a kansa, ƙunar damtsensa kuma tana masa zugi. Suna fita ya juyo ya ce, "Likita, ka aiko mini rigar nan in gyara maka hannun."

Ranar aikin, allura suka yi masa a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama na wani. Suka rataya koren ƙyalle a gabansa don kada ya gani, amma kunnensa ba wanda ya toshe. Ya ji ana kankara, ya ji ana ƙwanƙwasa guduma, sannan wata na'ura ta yi kuka irin na shagon kafinta, sau uku. Ya yi ta kallon koren ƙyallen, yana bin layin ɗinkin bakinsa da ido. Ɗinkin inji ne, miƙaƙƙe ɗoɗar, ba hannun mutum a ciki. Wata nas ta dafa masa kafaɗa ta ce, "Baba, saura kaɗan."

Bayan kwana huɗu aka sallame shi da sandunan dogarawa biyu da ƙafa cikin farin simintin asibiti, daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu. Likita ya faɗa masa a gaban matarsa da Auta, sau biyu, cewa kada ƙafar nan ta ɗauki nauyi ko na sakan ɗaya, a ɗora ta kan matashi, a bar ta ta yi barcinta.

Matarsa ta lulluɓe keken da tsohon zanen gado. Daga inda yake kwance, in ƙofar shago na buɗe, yana hango shi tsaye a lulluɓe kamar wani majinyacin na biyu. Abin ya riƙa cin sa. Shi a saninsa, duk abin da ya daina motsi ya kama hanyar mutuwa. Almakashin da aka ajiye wata guda sai ya cije. Keken da bai sha mai ya zagaya ba, tsatsa ke shiga haƙoransa. Ya taɓa sayen wani keke wurin matar wani tela da ya rasu, shekara ɗaya kacal da ajiye shi, amma sai da ya kwana uku yana jiƙa shi da kananzir kafin ya ce uffan. Yanzu ga shi an ce masa lafiyar ƙafarsa ita ce ta cije kamar wancan keken, kuma wai ya yi murna.

A mako na uku kumburin ya saɓe. Wata safiya ya ji ƙafar tana da wuri a cikin simintin, ɗan fili tsakanin fata da bango. Ya gwada motsa ta. Ta motsa, kaɗan ƙwarai, da wani ciwo mai zurfi. Ya kwanta yana kallon rufi, yana jin daɗi da tsoro tare. Ashe rarar tana nan. Likita yaro ne, ya iya yanka ya iya haɗawa, amma bai san cewa abin da za a daɗe ana amfani da shi sai an bar masa wurin numfashi ba. In ya riƙa ɗan lallaɓa ta kullum, ƙashin zai manne ta gefe-gefe ya bar masa ɗan yatsa guda a tsakiya. Ba taka ƙasa zai yi ba, ba nauyi zai ɗora mata ba. A zaune zai yi.

Kullum da hantsi matarsa kan fita cefane, ta yi kamar awa ɗaya. Ranar tana fita ya ɗauki sanduna ya tsallaka shago. Ya yaye zanen, ya ɗiga mai a duk ramukan da ya sani, ya zare zaren don kada ya harɗe. Ya ɗora ƙafar hagu a bayan mataki, ya ɗaga mai simintin da hannu biyu ya ajiye ta a gaba, wurin da ƙarfen ya yi santsi saboda ita. Ya tura wilin da tafin hannu. Keken ya amsa. Hagu ce ke aikin, amma a cikin siminti ya bar ta dama tana bin kiɗan, ƙasa, sama, ƙasa, sama. Gumi ya karyo masa. Ya ƙirga ɗari ya tsaya, ya mayar da zanen yadda ya same shi, har da lanƙwasar da ta yi a kusurwa.

Washegari ya yi ɗari biyu. Haka ya riƙa yi har mako biyar.

Sai ciwon ya sake hali. Da can in ya ɗora ƙafar a matashi takan yi shiru, yanzu kuwa sai ta riƙa bugawa kamar akwai wata ƙaramar zuciya a ciki. Yatsun suka fara kumbura da yamma. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce wa kansa ai ko sabon takalmi sai ya ci ƙafa kafin ya saba. Amma wata rana da ya sauke ta daga mataki, ya ji wani abu can ciki, siriri, kamar an taka ƙwayar shinkafa. Ƙas. Ya zauna bai motsa ba har ya ji tafiyar matarsa a bakin ƙofa, da ƙyar ya kai gado kafin ta shigo.

Ana gobe za su koma asibiti, Mai Rediyo ya shigo dubiya. Shagonsa ne ke manne da na Tela, bango ɗaya suka haɗa shekara talatin, kowa ya san tarin ɗan'uwansa. Gajere ne mai sanƙo, kullum da sukudireba a bayan kunne. Ya samu Auta da uwarta zaune, ya ja kujera.

"Tela, Tela! Mai ƙafar ƙarfe! Yanzu in an yi tsawa sai mu guje ka."

"Kai dai ka gyara rediyon mutane, ka bar ƙafata."

"A'a, ni barka na zo yi. Wallahi likitocin yanzu sun iya aiki. Na ce wa mai ɗakina, mutumin nan da aka ce sai ya yi wata uku, ga shi tun mako na uku ya koma kan keke. Kullum da hantsi sai na ji shi ta bango, takatak-takatak, har na koma daidaita agogona da shi kamar da."

Mai Rediyo ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ciro sukudireban daga bayan kunne, ya duba shi, ya mayar.

"Ko dai... wataƙila fankar shagona ce. Tana irin wannan ƙarar."

Auta ta miƙe tsaye. "Baba!"

"Ban taka ƙasa ba," in ji Tela. "Ko sau ɗaya. Ku tambayi sandunan nan."

Matarsa ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta shiga shago, ta yaye zanen, ta shafa yatsa a ƙarƙashin kan keken, ta dawo ta nuna masa yatsan yana ƙyalli da sabon mai. "Ni ina can ina zaɓo maka ƙashin miya mai ɓargo don naka ya yi ƙarfi," ta ce, "kai kana nan kana kwance ɗinkin da aka yi maka."

A asibiti Likita ya manna sabon hoton jikin fitila ya daɗe yana kallo. Tela ya ga kusoshin nan uku, farare tas, biyu sun gitta juna kamar almakashi a buɗe. Tsakanin duwatsun biyu kuwa akwai wani baƙin layi siriri, daga wannan gefe har wancan.

"Wannan layin ya kamata a ce ya fara dushewa," in ji Likita. "Bai dushe ba. Ka kuma ga inuwar nan da ta kewaye kusar nan? Alamar tana girgiza a raminta ke nan. Baba, me ya faru?"

Tela ya faɗa masa duka, har ƙirgen. Ya zaci faɗa zai sha. Likita sai ya ja kujera ya zauna daf da shi.

"Ƙashi in zai manne, wasu 'yan zarurruka yake fara miƙawa daga wannan gefe zuwa wancan, sun fi zarenka siranta. Kullum da daddare yana miƙa su, kullum da hantsi kana tsinka su. Rarar da kake nema ba gaɓa za ta ba ka ba. Karaya za ta ba ka wadda ba ta warkewa."

"Yanzu ya lalace ke nan?" in ji Auta.

"Ban sani ba tukuna. Za mu sa sabon siminti mai kama jiki, mu ba shi mako shida. In layin ya rufe, mun tsira. In bai rufe ba, sai mun sake buɗewa, mu ɗebo ƙashi daga ƙugunsa mu cike wurin, mu zura dogon ƙarfe ta diddige."

"In wannan ma bai yi ba fa?" Tela ne ya tambaya.

"Sai mu zauna mu yi wata maganar."

Bai faɗi maganar ba, amma idonsa ya sauka a ƙwaurin Tela, kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da gwiwa, ya ɗan tsaya a wurin kafin ya ɗauke. Tela ya san irin wannan kallon, kallon mai awo ne. Ya taɓa ɗinka wa wani direba wanduna uku masu ƙafa ɗaya da rabi, ya kuma tuna daidai inda ya sa alli ya ja layi.

Da suka dawo gida bai wuce ɗaki ba. Ya dogara har gaban keken, ya sunkuya ya zame igiyar fatar da ke haɗa wilin ƙasa da na sama, ya naɗe ta a hannu ya miƙa wa matarsa.

"Ki ɓoye inda ban sani ba."

"Ai ka san ko'ina a gidan nan."

"To ki ɓoye inda nake jin tsoron taɓawa."

Ta sa ta a ƙasan akwatin kayanta.

Saura ɗinkin barci, wanda ba shi da iko a kansa. Wannan ne ya fi ba shi tsoro, domin ƙafar ba ta ji abin da Likita ya ce ba. Ya yanka doguwar tsumma mai faɗin yatsa huɗu, ya yi mata kalmasa da hannu, suka riƙa ɗaure simintin jikin ƙarfen gado tsakanin matasai biyu. Matarsa ta koma kwana da tafin hannunta a kan gwiwarsa. Da ta ji naman cinyar ya fara harbawa sai ta ɗan bubbuga ta ce, "An tashi daga aiki, Malam." Wani lokaci sau biyar kafin gari ya waye. Da rana sai ya ga tana gyangyaɗi a kan tsintar shinkafa, kunya ta kama shi.

Makonni shidan nan sun fi shekara arba'in ɗin tsawo. Ya zauna bakin taga da ƙafa a kan kujera, yana sa maɓallai da hannu, yana kallon ƙafafun masu wucewa. Bai taɓa lura ba sai yanzu cewa kowane mutum da irin lanƙwasar idon sawunsa, wani kamar yana rawa, wani kamar yana tsoron ƙasa. Wani lokaci yakan rufe ido ya yi ƙoƙarin jin zarurrukan nan suna miƙuwa a cikinsa. Yakan ga ƙasusuwan kamar maƙwabta biyu da suka yi shekaru suna gaba, an kulle su a ɗaki ɗaya an ce sai sun shirya. Ko tari zai yi sai ya riƙe gwiwa. Mai Rediyo kuwa ya rage ƙarar rediyoyinsa don kansa, kamar ƙara ma tana iya tsinka zaren, ya kuma daina shigowa, sai dai ya ƙwanƙwasa bango sau biyu da safe, Tela ya amsa masa da sanda.

Ranar komawa, Tela ya kasa shan ko shayi. A layin ɗaukar hoto ya ƙirga tayil ɗin ƙasa ya kai saba'in da huɗu ya rikice ya sake farawa. Da Likita ya manna hoton, shi bai kalli fitilar ba, fuskar Likita ya kalla.

"Baba, duba mana."

Ya duba. Baƙin layin yana nan a gefe ɗaya, ɗan guntu. Sauran kuwa wani farin hayaƙi ya rufe shi, ya tsallaka daga dutse zuwa dutse kamar gajimare tsakanin tsaunuka biyu.

"Ya kama," in ji Likita. "Bai gama ba, amma ya kama. Ƙafarka taka ce."

Auta ta rufe fuska da gyale. Matarsa ta ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ta zauna a kujerar da ba a ba ta ba. Sai da suka kai ƙofa Tela ya lura hannun rigar Likita na nan yadda yake.

Bayan wata guda aka fasa simintin. Ƙafar ta fito siririya, fatar na saɓa, a tsaye cak kamar kusurwar tebur. Aka koya masa tafiya da wani takalmi mai gantsararren ƙasa. Ran da ya fara ratsa ɗaki ba sanda, ya yi taku goma yana jiran ciwon nan na safe, ciwon bai zo ba. Ya taka bakin tabarma da gangan, ƙafar ba ta zame ba. Da daddare kuma, in ji matarsa, shiru kake ji, har ita ce ma ta kasa barci don rashin sabo.

Wata safiya da hantsi ba ta fita cefane ba. Ta buɗe akwati ta ciro igiyar fatar ta ajiye masa a kan teburin yanka. Auta ma tana nan, ranar ba makaranta. Tela ya buɗe ƙofar shago ta waje, haske ya shigo har kan keken. Ya yaye zanen, ya ɗiga mai, ya mayar da igiyar a kan wili, ya zura zare a allura a karo ɗaya. Ya sa wani ƙyalle fari a ƙarƙashinta. Ya zauna, ya ɗora hagu a baya, dama a gaba, a wurinta mai santsi.

Ya tura wilin da tafin hannu, ya ce wa ƙafar bismillah.

Yatsun suka ɗan lanƙwasa, tsakiyar tafin ya ɗan ba da kai, kaɗan ƙwarai. Idon sawun kuwa ko gezau. Gwiwarsa ce ta taso gaba ɗaya ta bugi ƙasan teburin. Hagu, da ba ta taɓa jagora ba, ta danna a lokacin da bai dace ba, wilin ya yi rabin zagaye ya komo da baya, zaren ya tsinke. Allurar ta bar huda uku a farin ƙyallen.

Ya sake zura zaren. Wannan karon sai da ya yi sau uku kafin ya shiga. Ya ɗora tafin hannu a kan wilin, bai tura ba.

Inuwa ta faɗo a bakin ƙofa. Mai Rediyo ne, da sukudireba a bayan kunne, ya leƙo da kai kawai kamar mai tsoron a kore shi.

"Na ji kamar an taɓa keke, shi ne na ce bari in gani da idona, kada in sake yin ɓaranɓarama." Ya dubi ƙafar a kan mataki, ya dubi tsinkakken zaren da ke ƙasa, ya dubi matan biyu. "To, Tela, agogon nawa fa? In ci gaba da jiran hantsi, ko in nemi wani abin daidaitawa?"

Auta ta dubi uwarta. Uwar ta sunkuya tana tsince zare daga bakin zanenta. Tela yana kallon huda ukun nan, hannunsa na kan wilin.